Itacen da Jostein Ya Jera a Murhu

Santos, 9 ga Janairu, 1988

Yaya Aslaug,

Yau shekara uku da wata huɗu rabona da gida. Ke kika tambaya, shi ya sa na ƙirga, ba wai ina zaune ina lissafi ba ne.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarki Ingunn da yaranta. Yaya ƙugun? Kin ce likita ya sa miki ranar aiki cikin Maris, Allah ya sa a yi a sa'a. Ni ina nan ƙalau, in ban da kunnen hagu da ƙarar injin jirgin ruwan nan ta cinye. Ba wata asara ba ce. A nan ba a cika faɗin abin da mutum zai yi baƙin cikin rashin jinsa ba.

Wasiƙarki ta Nuwamba shekaranjiya ta iso. Ta je Rotterdam ta tarar mun tashi, ta biyo mu a baya kamar karen gida. A ɗakin inji na karanta ta, gumi na ɗiga a kan takardar, ke kuma kina ba ni labarin dusar ƙanƙara ta rufe matakalar bukkar Kaka Gudmund da ke kan dutse.

To, na ji. Rufi ya lotsa ta gefen arewa. Maƙwabcinmu Steinar ya tsufa, ya gaji da hawa dutse yana kwashe mana ƙanƙara a kan kwalbar barasa ɗaya a shekara. Kina so a ba baƙi haya a makon Ista, bukka ta riƙa gyara kanta. Ban ga ƙarya a cikin maganarki ba.

Sai dai na zauna ina hango su. Mutanen birni da rigunansu ja da ruwan ɗorawa, sun jingina katakansu na zamiya a kan ƙanƙara inda muke jingina namu, sun shanya jiƙaƙƙun safa a ƙahon barewar Kaka. Yaran wani sun tsaya a jikin ƙyauren da aka yi ta zana tsawonmu da wuƙa, ni da ke, daga baya ɗana Jostein. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Amma gaskiya ɗaya ce. Kaka ya bar wa 'ya'yansa biyu bukkar, babana da mamarki. Rabi naki ne. Ke kike kusa, ke kike shan ƙorafin Steinar, ni ina wata uwa duniya ina shafa wa ƙarfe mai. Wanda ya gudu ba shi da bakin hana wanda ya zauna. Ki yi abin da kika ga ya dace. Ni dai roƙona ɗaya ne: abin da ke cikin bukkar nan a bar shi yadda yake.

Kuɗin rufi kuwa, ki faɗi nawa ne in sa kamfani ya aiko miki.

Daga nan Ostareliya muka nufa, tafiya ce mai tsawo. Ki rubuta ta ofis kamar kullum.

Ƙaninki,
Halvard

Fagernes, 2 ga Fabrairu, 1988

Halvard, ɗan kawuna mai kunnen ƙashi,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, Ingunn na gaisuwa. Ƙugu yana nan yana ba ni labarin yanayi kafin rediyo ta faɗa. Ka riƙa toshe ɗaya kunnen, don in ka dawo ina da zagin shekara uku da na ajiye maka, ba na so ya tafi a banza.

Sau biyu na karanta wasiƙarka ban yarda ba. Na ce wa Ingunn, yau Halvard ya ce “ki yi abin da kika ga ya dace”, lallai zafin rana ya narkar masa da wani abu. Na gode. Na san ba da sauƙi ka rubuta ba.

Kuɗinka ka riƙe abinka. Ba rufi kaɗai ba ne. Gidan da ba a hura masa wuta ruɓewa yake yi, ko da zinariya aka rufa shi. Bukkar nan hayaƙi take so da takun ƙafa.

Na samu mutane. 'Yan Denmark ne daga Silkeborg, Birgitte Kofoed da mijinta Asger da yara uku. Malamar makaranta ce, muryarta a tarho ta kwanta mini. Za su hau ranar 27 ga Maris, su sauka Litinin ɗin Ista. Da na gaya wa Steinar sai ya ce, “'Yan Denmark? Mutanen da babban dutsensu bai kai tulin takin shanuna ba? Aslaug, sai dai in ɗaura musu ƙararrawa a wuya.” Na ce, “Kai ma da ƙararrawar muka same ka shekarar da ka sha ka kwana a rumbun ciyawa.”

Ranar Laraba ya goya ni a babur ɗinsa na kan ƙanƙara muka hau. Shi ya hau sama ya share bututun hayaƙi, ya fitar da sheƙar tsuntsu guda. Ni na buɗe tagogi, na kakkaɓe barguna. Ɓeraye sun ci kyandir duka, sun bar littattafan addu'ar Kaka, ka ga tarbiyya.

Sharaɗinka na cika shi har da ƙari. Ingunn ta so a canja labule, na ce a'a. Ko cokali ban gusar ba. Littafin bukka, wanda duk mai hawa ke rubutu a ciki, yana nan a kan tebur da fensir a tsakiyarsa, yadda ka bar shi. Ban buɗe ba, na san hannun wa ke ciki, kuma zuciyata ba ta kai ba. Itacen da ka jera a murhu kafin ka rufe ƙofa shi ma yana nan, ya bushe ƙayau, ga kwalbar ashana a sama. Ya rage mini durƙuso. Har na ce wa Steinar, duba, Halvard ya koyi barin iska a tsakanin itace a ƙarshe, da can cusawa yake yi kamar mai cika buhu.

Baƙi za su shigo su tarar da wuta na jiransu, yadda Kaka ya rubuta a shafin farko: wanda zai fita ya jera wa wanda zai shigo.

Yayarka,
Aslaug

Fremantle, 21 ga Maris, 1988

Aslaug,

Ina fata aikin ƙugu ya yi kyau. Ni lafiya. Ki gafarce ni, ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Yau da safe wakilin kamfani ya miƙo mini wasiƙarki, kwana arba'in da takwas bayan kin rubuta ta. Na fita da kayan aiki a jikina. Sau uku na buga tarhon gidanki daga ofishin tashar, yana ta ƙara ba mai ɗauka. Steinar ba shi da tarho, lambar Ingunn ba ni da ita. Na buga telegiram. Ga wannan kuma, ko da ba za ta riga su isa ba.

Kada a kunna murhun nan. A ɗauke littafin daga kan tebur.

Ba ni na jera itacen ba.

Da na ce a bar komai yadda yake, nufina kada kowa ya shiga. Na ɗauka za ki gane. Girman kai ya hana ni cewa “a'a” ga mai rabin gida, sai na naɗe ta a cikin ladabi na miƙa miki, ke kuma kika buɗe kika ga “i”. Yanzu dole in faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kin san ni da Jostein mun hau Istan 1984 mu biyu, kamar kowace shekara tun rasuwar uwarsa. Kin san na sauka ranar Alhamis na bar shi. Na ce muku aiki ne ya kira ni. Ba aikin da ya kira ni. Ranar Laraba muna zaune a jikin bango muna shan rana, yana ɓare lemo, ya ce zai bar makarantar injiniya ya je Hardanger ya koyi sassaƙar kwale-kwale wajen wani tsoho. Na haɗiye. Washegari da safe shi ke da hura wuta. Ta ƙi kamawa, hayaƙi ya cika ɗaki, ya ƙone ashana ta kai shida. Na ture shi na ce, “Matsa. Shekara goma sha tara, ko itace ba ka iya jerawa a murhu ba, kai ne za ka sassaƙa abin da mutane za su shiga ruwa da shi?”

Ya yi dariya, kin san dariyarsa. Ya ce, “Baba, kwale-kwale ai ba a so ya kama da wuta.”

Dariyar ce ta ƙarasa ni. Na ɗaura katakaina na gangara, ban waiwaya ba. Ya kira ni sau biyu daga bakin ƙofa. A lokacin kunnuwana biyu duka suna ji.

Sauran kin sani. Ranar Asabar ya bi ta kan tudu don ya kama jirgin ƙasa, guguwa ta taso da rana tsaka, sai Talata aka sami gawarsa. Abin da ba ki sani ba, ranar Lahadi da muka hau da masu nema, ni na fara buɗe bukkar. An share ƙasa, an kife kofuna, an jera itace a murhu, littafi a rufe da fensir a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa na ce musu ba ya nan, na ja na kulle. Ban sake shiga ba.

Ban karanta shafin ba, Aslaug. Ban san abin da ya rubuta ba. Shekara huɗu ina cewa wata rana zan hau. Muddin itacen nan yana jere, hannunsa bai gama aiki a duniya ba. Muddin littafin yana rufe, akwai maganar da ɗana bai gama yi mini ba. Mai daɗi ce ko mai ɗaci, tawa ce. Ita kaɗai ta rage mini.

Ki mayar musu da kuɗinsu ninki biyu, ki kama musu otal, zan biya. Ki aika Steinar ya tare hanya.

Halvard

Fagernes, 12 ga Afrilu, 1988

Halvard, ƙanina,

Ina gaishe ka. An yi aiki lafiya, ina takawa da sanduna biyu. Ban san yadda zan fara ba, don haka zan faɗa a jere yadda ya faru.

An kwantar da ni ranar 17 ga Maris. Daga asibiti Ingunn ta wuce da ni gidanta a Gjøvik, sai ranar Juma'ar nan na dawo. Na tura ƙofa na tarar da telegiram ɗinka da wasiƙarka a ƙasa, a ƙarƙashin tallan takalma. Na zauna a matakala da rigar sanyina na karanta. Baƙin sun riga sun sauka da kwana huɗu.

Sun kunna.

Steinar ya ce ranar da suka hau iska ta juya. Ya kai musu kaya rabin hanya, suka ƙarasa a kan katako, tafiyar awa ɗaya ta ci musu uku. Sun isa hannuwansu ba sa iya riƙe mabuɗi.

Ranar Asabar Birgitte ta bugo mini don ta yi godiya. Zan rubuta maka yadda ta faɗa, don kana da hakkin ji. Ta ce, “Aslaug, ba mu taɓa yin hutu irin wannan ba. Mun shiga ƙaramar 'yarmu tana kuka, yatsunta sun yi fari, Asger ko wuƙa ba ya iya buɗewa balle ya fasa itace. Sai ga murhu a shirye. Na ce wane mala'ika ne ya yi mana wannan?”

Na ce, “Haka al'adar gidan take.”

Ta ce, “Mun gani a littafi. Kullum bayan abinci sai mun karanta shafi goma, yara har sun haddace Kaka Gudmund da faɗansa da dila. Amma Jostein muka fi so. Don Allah ki gaishe shi. Ki kuma gaya wa babansa yaron ya ci, ina da shaida.” Tana ta dariya.

Na ce, “Ya ci me?”

Ta ce, “Au, ba ki karanta ba? Ai sai ki hau ki gani. Ina yake yanzu, yana sassaƙar?”

Na ce mata ya yi tafiya. Ban iya ɓata wa matar hutunta ba, ba ta yi laifin komai ba. Littafin bukka don a karanta ake ajiye shi, itace don a kunna ake jera shi. Ni ce na ga itacen nan da idona, na ga ba hannunka ba ne, har na yi maka tsiya a kai, ban tsaya na yi tunani ba. Ni na yi wa Jostein wankan farko, amma ban gane aikin hannunsa ba.

Ban san abin da ya ci ba. Ƙafata ba za ta kai dutse ba sai ƙanƙara ta narke. Na hana Steinar taɓa littafin. Ka faɗa mini abin da kake so: in karanta in kwafo maka, ko in aiko shi a rufe, ko in bar shi.

Ka yafe mini.

Aslaug

Yokohama, 9 ga Mayu, 1988

Aslaug,

Na gode Allah da ƙafarki ta yi sauƙi. Ina lafiya.

Wato an karanta maganar ɗana ta ƙarshe bayan abinci, ana shan kofi, yara na dariya. Mutum biyar a Silkeborg sun san abin da ya ce mini, ni ban sani ba. Kuma sun ji ɗumi. Madalla. Ina fata kuɗin ya isa rufi.

Kada ki kwafo, kada ki aiko. Abin da ya ci, ya ci. In 'yan Denmark suna son rabona su saya, su haɗa da ƙyauren.

Ban ce laifinki ba ne. Na san wanda ya rubuta jimlar nan. Amma ki bar ni haka nan tukuna.

H.

Fagernes, 26 ga Yuni, 1988

Halvard,

Gaisuwa. Na yar da sanda ɗaya, ɗayar na ajiye ta don kanka.

Na bar ka mako shida, ya isa. Ka ce kada in aiko, na ji, ga shi na aiko. Sau ɗaya na bi maganarka sau da ƙafa, ka ga inda ta kai mu.

Kana magana kamar kai kaɗai aka yi wa mutuwa. Ni na tsaya a coci a gefenka, ni na zaɓi waƙoƙi, ni nake kai fure kabarin nan shekara huɗu, kai kana zaga duniya kana gadin murhu daga nesa. Da ka buɗe baki ka gaya mini tun farko, da na kwana a bakin ƙofar nan da gatari. Ba ka faɗa ba. Duk gidanmu haka kuke, ku haɗiye magana ku ce sai an gane.

Jiya Steinar ya kai ni a tarakta. Ƙanƙara ta tafi sai 'yar kaɗan a gindin duwatsu, tumakinsa sun cika fili. An gyara rufi. Ɗakin ya daina warin kabari, yana ƙanshin hayaƙi kamar da. Ka ji haushi in ka ga dama, gaskiya ce. Baƙin sun share, sun kife kofuna, sun jera itace kafin su fita. A cushe, kamar naka. Steinar ya leƙa ya ce, “Wannan sai da fetur.”

A cikin ƙunshin akwai littafin. Ban buɗe ba, na ɗaure shi da zaren ulu yadda na same shi. Akwai safar hannunka masu ruwan toka, na same su a kan shiryayye a bayan murhu, an ninke su ɗaya cikin ɗaya. Akwai gwangwanin kofi, toka ce a ciki, na kwaso daga ƙasan murhu. Ta Jostein ta gauraye da ta baƙi, ban iya rabawa ba.

In ka ga dama ka jefa duka a teku. Amma ka yi da hannunka.

Birgitte ta rubuto tana tambaya ko za su samu baɗi. Ban amsa ba. Wannan karon ina son “i” ko “a'a”, da manyan baƙaƙe.

Ka kuma gaya mini, shekara huɗun nan da ka yi a ruwa, me ka tara? Don ni ban ga abin da ka tsira da shi ba.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so,
Aslaug

Durban, 28 ga Agusta, 1988

Yaya Aslaug,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin yar da ɗaya sandar, don kaina ya riga ya sha duka a wasiƙa. Ki gaida Ingunn da yara, ki gaida Steinar. Ni lafiya, sai dai na rame, mai dafa mana abinci ya ɗauka girkinsa ne, yana ta fushi da ni.

Ƙunshin ya same ni a Singafo. Kwana goma sha tara yana ƙarƙashin gadona. Ranar Lahadin da ta wuce bayan abincin rana na hau can bayan jirgi inda ba kowa, na kwance zaren. Tunda ke ba ki karanta ba, ga shi, ke ma kina da rabo a ciki.

“Asabar, 21 ga Afrilu, 1984. Sanyi digiri shida ƙasa da sifiri, sama garau, iska kaɗan daga yamma. Baba ya sauka ranar Alhamis da fushi, ya manta safar hannunsa, na kira shi bai juyo ba. Na cinye lemonsa. Na kwashe ƙanƙarar rufin arewa. Zan bi ta tudu in kama jirgi. Sau huɗu na jera itace ina rushewa, na biyar na bari. Baba, na san za ka hau ɗaukar safarka. Ashana ɗaya. In ta ci biyu, na koma makaranta. J.”

Safar hannu, Aslaug. Shekara huɗu ina tambayar kaina abin da yake so ya faɗa mini a bakin ƙofar nan. Safata na manta.

A shafi na gaba akwai rubutun matar, mai zagaye irin na malaman makaranta. Ta rubuta ranar da yanayi yadda ake yi, da sunayen yaranta. Sannan ta ce: “Ashana ɗaya, Jostein. Ba sai ka koma makaranta ba. Ga shaida don Baba.” Ta liƙa ƙonanniyar ashanar a jikin takarda.

Na yi fushi da matar nan wata huɗu ban san fuskarta ba. Yanzu bari in yi mata adalci. Da ni na hau, ba zan kunna ba har in mutu, itacen ya ruɓe tare da rufin, kuma ba wanda zai san ko ya iya ko bai iya ba. Ko da na kunna ma, da na ɓata ashanar farko, na kayar da yaro a kan laifina karo na biyu. Sai ga wadda ba ta san ni ba, ba ta san shi ba, sanyi kawai take ji, ta yi alƙalanci. Ya bar iska a tsakani, ke ma kin gani. Ya fi ni iyawa.

Ba na cewa na ji sauƙi. Wutar tawa ce, ni aka jera wa, kuma ban zo ba. Wannan ba wanda zai gyara shi.

Ga amsarki da manyan baƙaƙe: I. Ki ba su baɗi. Ki gaya wa Birgitte gaskiya kafin su hau, kada yaran su yi ta jiran su gamu da shi. Ki ce babansa ya ga shaida, bai musa ba. Steinar kuma ya koya wa Asger jera itace, kada ya kashe mana wani baƙon da hayaƙi. Maganar sayar da rabona ki yaga ta, zafi ne.

Kwantiragina zai ƙare a Oktoba. Ban ce zan zo ba, kada ki fara gasa burodi. Sai dai littafin na bukka ne, dole ya koma kan teburinsa kafin ƙanƙara ta rufe hanya, kuma ba zan sake ba gidan waya amanarsa ba.

Kin tambayi abin da na tara. Abin da ke banki ba shi kike nufi ba, ni ma ban duba ba. Na zazzage komai a kan gado na ƙirga. Kunne ɗaya mai ji. Safar hannu biyu. Toka rabin gwangwani, ta mutum shida. Layi tara na rubutun fensir. Ashana ɗaya, ƙonanniya.

Ƙaninki,
Halvard